Kujera ta Uku: Tarihin Tafiyar Masu Biyan Kuɗi Zuwa Sararin Samaniya



GABATARWA

Ranar 28 ga watan Afrilu na shekarar 2001 wani dattijo Ba'amurke mai shekara 60 da haihuwa, sunansa Dennis Tito, ya shiga kumbon Rasha da ake kira Soyuz a filin Baikonur na ƙasar Kazakistan, ya zauna a kujera ta uku, kusa da 'yan sama jannati biyu. A ran nan shekara arba'in ke nan da 'yan kwanaki mutane suna zuwa sararin samaniya, amma duk wanda ya je kafinsa aikensa aka yi: ko gwamnati ce ta tura shi, ko kamfanin da yake wa aiki. Tito shi ne na farko da ya biya wa kansa kuɗin mota, kuma abin da aka ruwaito ya biya shi ne dala miliyan 20.

Tambayoyi biyu nake so mu bi a wannan lacca. Ta farko, yaya aka yi wannan kujera, wadda a dā sai gwarzon da ƙasa ta zaɓa yake hawanta, ta zama haja a kasuwa? Ta biyu, shi wanda ya saya, me ya saya, me kuma ake nema daga gare shi bayan ya ƙirga kuɗin? Zan yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ciniki ya tsiro ne daga rarar wurin zama a cikin kumbon gwamnati, har yanzu kuma a jikin gwamnati yake jingine, sa'an nan kalmar "yawon buɗe ido" da ake laƙaba masa tana ɓoye mafi yawan abin da tafiyar ta ƙunsa.

TSALLE DABAM, KEWAYAWA DABAM

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu rarrabe abu biyu da labaran rediyo kan haɗa su wuri guda. Akwai tafiyar da roka ke cilla mutum sama ya kai wajen kilomita 100, ya ɗanɗana rashin nauyi na minti uku ko huɗu, ya faɗo kusa da inda ya tashi. Irinta ce Richard Branson na kamfanin Virgin Galactic da Jeff Bezos na kamfanin Blue Origin suka yi a watan Yuli na 2021, ko da yake jirgin Branson bai kai kilomita 100 ba. Irinta ce kuma wani lauya haifaffen Nijeriya, Owolabi Salis, ya yi da kumbon Blue Origin a watan Yuni na 2025. Tafiyar kumbon Blue Origin tun daga tashi har sauka ba ta wuce minti goma sha ɗaya. Wannan tsalle ne.

Kewaya duniya kuwa wani abu ne dabam. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tana nisan kilomita 400 ne daga doron ƙasa, watau kusan nisan Kano zuwa Abuja a mota. Ashe nisa ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce gudu. A wannan tsawo ƙasa tana jan abu da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da take jan mu da shi a nan, saboda haka duk abin da aka kai can aka sake shi faɗowa zai yi. Dabarar ita ce a ba shi gudu a kaikaice, kilomita 28,000 a awa guda, yadda yana cikin faɗowa ƙasa kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba zai taɓa riskarta ba. A haka yake zagaye duniya cikin minti 90. Rashin nauyin da ake gani a hotuna daga nan yake, domin mutum da kumbonsa faɗowa suke yi tare. Wannan gudu ya ninka na masu tsalle kusan sau takwas, kuma duk zafinsa sai an kashe shi a jikin iska ranar dawowa. A nan tsadar take, a nan hatsarin yake. A kan masu kewayawa zan yi magana.

ZAMANIN DA KUJERA BA TA SAYARWA

Sa'ad da Yuri Gagarin ya zagaya duniya sau ɗaya cikin minti 108, ran 12 ga Afrilu 1961, Tarayyar Sobiyet da Amurka suna tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, kowace tana neman nuna wa duniya cewa tsarinta ya fi. Ɗan sama jannati a lokacin tuta ce mai rai, mafi yawansu kuma matuƙa jiragen yaƙi ne. Talakawa dai sun yi marmari. Kamfanin jiragen sama na Pan Am ya buɗe rajistar masu son zuwa wata daga 1968 zuwa 1971, mutum sama da 93,000 suka rubuta sunayensu. Kamfanin ya durƙushe a 1991 bai kai ko mutum ɗaya ba.

Abin da ya fara sassauta ƙofar shi ne siyasa. Daga 1978 Sobiyet ta shiga ɗaukar baƙi daga ƙasashen da take ƙawance da su. Vladimir Remek na Cekoslobakiya shi ne na farko, a 1980 kuma aka ɗauki Arnaldo Tamayo Mendez na Kyuba, baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya. Amurka ma ta bi sahu da kumbonta mai fukafuki da ake kira Shuttle. A 1985 ta ɗauki Sanata Jake Garn, ɗan majalisar da ke da baki a kasafin kuɗin hukumar NASA, ta kuma ɗauki Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a tafiyar da aka harba tauraron ɗan Adam na ƙasashen Larabawa. Kujerar baƙo a wannan zamani tukuici ce da ake bai wa aboki.

Wannan sassauci ya yanke ran 28 ga Janairu 1986, sa'ad da kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka halaka. Cikinsu akwai Christa McAuliffe, malamar makarantar sakandare da aka zaɓa don ta koyar da yara darasi daga sama, yaran kuwa suna kallo a talabijin. Daga ranar NASA ta ɗauki ra'ayin cewa kumbo ba wurin baƙo ba ne. Sai mun riƙe wannan kafin mu fahimci irin tarbar da ta yi wa Tito bayan shekara goma sha biyar.

TALAUCIN RASHA DA KUJERA TA UKU

Abin mamaki, ƙasar 'yan gurguzu ce ta fara sayar da kujera. A ƙarshen mulkin Gorbachev baitulmalin Sobiyet ya bushe, ga kuma tasharta mai suna Mir tana cin kuɗi. A watan Disamba na 1990 gidan talabijin na TBS da ke Japan ya biya miliyoyin daloli aka kai wakilinsa Toyohiro Akiyama tashar Mir, ya yi kusan kwana takwas yana aiko da rahoto, yana kuma fama da tashin zuciya. A watan Mayu na 1991 aka ɗauki Helen Sharman, wata Baturiyar Ingila masaniyar haɗa sinadarai da ke aiki a kamfanin alewa, wadda aka zaɓa daga cikin masu nema wajen 13,000. 'Yan kasuwar da suka yi alkawarin tara kuɗin tafiyarta sun kasa cika shi, Sobiyet ta ɗauke ta duk da haka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi tare da ita, Sergei Krikalev, bai sauko ba sai a watan Maris na 1992, bayan kwana 311. Ya tarar ƙasar da ta aike shi ta rushe, garinsu Leningrad an sake masa suna, filin da ya tashi daga cikinsa kuma ya zama na wata ƙasa.

Rasha ta gaji kumbo da gwanaye, ba ta gaji kuɗi ba. Filin Baikonur ma sai haya ta koma yi daga hannun Kazakistan, a kan dala miliyan 115 kowace shekara. Har ta kai ga a watan Yuli na 2000 rokar da ta ɗauki wani babban ɗaki na sabuwar tashar ƙasa da ƙasa ta tashi da tambarin kamfanin abinci na Pizza Hut a jikinta. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, in ji masu magana, ya fi wutar zafi.

To, ina kujerar da za a sayar ta fito? Ƙa'idar tashar ita ce kullum a bar Soyuz ɗaya a maƙale da ita, don in wani abu ya auku mazaunanta su sami abin tsira. Shi kuwa Soyuz na wancan zamani ba ya jure zama fiye da wajen kwana 200, domin sinadarin da ke sarrafa ƙananan injinansa na sauka yana lalacewa. Saboda haka duk wata shida sai a kai sabo a dawo da tsoho. Kumbon kujera uku gare shi, mutum biyu kuwa sun isa su tuƙa shi. Ga kujera ta uku nan a sarari, sau biyu a shekara, tafiyar kuma ba ta wuce mako guda da 'yan kwanaki.

Dennis Tito injiniya ne da ya taɓa aiki a cibiyar NASA ta JPL yana lissafin hanyar kumbunan da ake aikawa duniyar Mars, daga baya ya kafa kamfanin ba da shawara kan zuba jari ya yi arziki. Da farko da kamfanin MirCorp ya ƙulla ciniki don zuwa Mir, amma aka kifar da tashar cikin tekun Pasifik ran 23 ga Maris 2001. Sai kamfanin Space Adventures, wanda aka kafa a Amurka a 1998, ya shiga dillanci aka mai da tafiyar zuwa sabuwar tashar. NASA a ƙarƙashin shugabanta Daniel Goldin ta ƙi sam. Da Tito ya zo cibiyarta ta Houston tare da abokan tafiyarsa don horo, aka hana shi shiga, su kuma Rashawan suka ƙi shiga in ba da shi ba. Hujjar NASA ita ce ana tsakiyar ginin tashar, baƙo zai raba hankalin ma'aikata. Hujjar Rasha kuwa ita ce kujerarta ce a kumbonta. Aka daidaita a kan zai biya duk abin da ya ɓata, kuma ba zai shiga sashen Amurka ba sai da rakiya. Ya zagaya duniya sau 128, ya sauka ran 6 ga Mayu.

Bayansa mutum shida suka bi. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya je a 2002 yana da shekara 28, ya yi gwaje-gwaje da suka shafi cutar ƙanjamau, ya kuma zanta da Nelson Mandela daga can. Hatsarin kumbon Columbia na 1 ga Fabrairu 2003, wanda shi ma ya ci rai bakwai, ya tsai da cinikin har 2005 da Gregory Olsen ya tafi. A 2006 Anousheh Ansari, haifaffiyar Iran, ta zama mace ta farko da ta biya wa kanta, kuma Musulma ta farko a sararin samaniya. Charles Simonyi ya je sau biyu, a 2007 da 2009, Richard Garriott a 2008, sai Guy Laliberte na Kanada a 2009, lokacin farashi ya kai wajen dala miliyan 35. Mutum bakwai, tafiya takwas. Daga nan kasuwar ta watse. An ƙara mazauna tashar zuwa shida a 2009, Amurka ta jingine Shuttle a 2011, NASA da kanta ta koma sayen kujerun Soyuz, har ta biya dala miliyan 90 a kan guda ɗaya a 2020. Shekara goma sha biyu ba attajirin da ya tafi. Rara ce ake sayarwa, da mai gida ya buƙaci abinsa sai ta ƙare.

ABIN DA AKE BIYA BAYAN KUƊI

Yanzu sai mu juya ga tambaya ta biyu. Abu na farko da ake karɓa daga mai saye shi ne sirrin jikinsa. Likitoci sukan bincike shi ciki da bai, kuma hukuncinsu ya fi ƙarfin kuɗinsa. An dakatar da Olsen a 2004 saboda wani tabo da aka gani a huhunsa, sai da ya warke aka mai da shi. Ansari ma gurbin wani ɗan kasuwar Japan, Daisuke Enomoto, ta shiga, wanda likitoci suka cire saura 'yan makonni a tashi. Garriott kuwa sai da aka yi masa tiyata aka yanke wani sashe na hantarsa, saboda wani ƙullin jijiyoyin jini da ake tsoron ya fashe a can inda ba asibiti.

Na biyu lokacinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasinjojin Soyuz sukan yi wajen wata shida a cibiyar horo ta Gagarin, kusa da Mosko. Dole su koyi Rashanci, domin da shi aka rubuta komai a cikin kumbon. Akan sa mutum cikin wata na'ura mai dogon hannu ta wujijjiga shi kamar majajjawa har nauyin jikinsa ya ninka sau takwas. Akan ɗauke shi a babban jirgin Ilyushin da ke hawa yana gangarowa, don ya saba da rashin nauyi na daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Akan bar shi da abokan tafiyarsa a daji cikin dusar ƙanƙara, ko a kan Baƙin Teku, domin kumbo yana iya sauka inda ba a nufa ba. Har kwantar da shi ake yi cikin garin filasta irin na ɗaurin karaya, a ɗauki siffar bayansa a ƙera masa shimfiɗar kujera daidai da shi. Daga ƙarshe a killace shi wajen mako biyu kada ya kai wa mazauna tashar ko mura.

Tashi kansa bai cika minti tara ba. Amma a zamanin su Tito sai an yi kwana biyu a cikin wani ɗan ƙuƙumin ɗaki kafin a riski tashar. An rage wannan zuwa awa shida a 2013, zuwa awa uku a 2020. Da isa falaki jiki yakan rikice. A cikin kunne akwai wata gaɓa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa. Idan nauyi ya ɓace sai saƙonta ya saɓa da abin da ido ke gani, sai jiri da amai. Fiye da rabin masu zuwa sukan yi wannan ciwo kwana biyu ko uku, kuma ba ya duba muƙami: Sanata Garn ya sha shi har 'yan sama jannati suka mai da sunansa ma'aunin tsananin ciwon, don ba'a. Jini da ruwan jiki sukan hau kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, abinci ya rasa ɗanɗano. Ku dubi lissafin: wanda ya sayi kwana takwas, kusan sulusinsu a kan tafi da ciwo.

Zaman tashar ma ba na otal ba ne. Ba wanka sai shafa da tsumma. Makewayi da iska yake aiki, yana zuƙewa, kuma koyon amfani da shi yana cikin darussan horo. Tun 2009 ana tace fitsari da gumin mazauna a mai da su ruwan sha. Barci a cikin buhu ake yi, a ɗaure shi a bango. Rana tana fitowa sau 16 ta faɗi sau 16 cikin awa 24, saboda haka agogo ake bi. Wannan ya ta da tambaya ga Musulmi. Da Maleshiya za ta aika Sheikh Muszaphar Shukor a 2007, cikin watan azumi, a kujerar da ta samu cikin cinikin jiragen yaƙi da Rasha, malaman ƙasar sun zauna sun fitar da jagora cewa ya bi lokutan salla na wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko.

Dawowa ita ce mafi tsanani. Daga rabuwa da tashar zuwa taɓa ƙasa wajen awa uku da rabi ne. Kumbon yana kutsawa cikin iska wuta na ci a bayan taga, nauyin mutum ya ninka sau huɗu bayan ya yi kwanaki ba nauyi. In na'ura ta saɓa yakan kai sau takwas, kamar yadda ya auku ga wani Soyuz a watan Afrilu na 2008. Sa'an nan laima ta buɗe, ƙananan rokoki su tashi dab da ƙasa, kumbon ya bugi fakon Kazakistan, a zaro mutum a ɗauke shi a kujera. Wanda duk ya san tarihin fatake zai gane wannan tsari. Mai dukiya yana iya shiga ayari da kuɗinsa, amma daga ranar tashi madugu ne uban tafiya, kuma ƙishirwar hanya ba ta tambayar abin da ke cikin jakarsa.

DAGA KUƊIN MOTA ZUWA SHATA

Kasuwar ta sake ci ne da kamfanin SpaceX ya fara ɗaukar mutane da kumbonsa Dragon a watan Mayu na 2020. Akan ce wannan nasarar 'yan kasuwa ce, kuma da gaskiya a ciki, domin dabarar dawo da roka a sake amfani da ita ta rage tsada. Sai dai NASA ce ta ba kamfanin kwangilar dala biliyan 2.6 a 2014 don ya kammala kumbon ya riƙa kai ma'aikatanta. Ita ce kuma, a 2019, ta buɗe tashar ga baƙi masu zaman kansu, ta sa kuɗin masauki wajen dala 35,000 kowane dare, ta ƙara shi a 2021.

Sabon abin da ya shigo shi ne shata. A watan Satumba na 2021 Jared Isaacman ya ɗauki Dragon sukutum, ya tafi da mutum uku, suka yi kwana uku suna kewaya duniya ba tare da ƙwararren ɗan sama jannati ko ɗaya ba, na'ura da ma'aikatan ƙasa ke tuƙi. Cikinsu akwai Hayley Arceneaux mai shekara 29, wadda ta warke daga kansar ƙashi tana yarinya, da ƙarfe a ƙafarta, irin wadda likitocin dā ba za su ko saurara mata ba. A Disamba na shekarar attajirin Japan Yusaku Maezawa ya yi kwana 12 ta hanyar Soyuz tare da mai ɗaukar masa hoto. A Afrilu na 2022 kamfanin Axiom ya kai attajirai uku tashar, a kan abin da aka ruwaito dala miliyan 55 kowanne. An shirya kwana goma, rashin kyawun yanayi a wurin sauka ya mai da shi 17, ayyukan da suka ɗauko kuma suka yi musu yawa har suka ci lokacin mazauna tashar. Bayan wannan NASA ta sa ƙa'ida cewa duk irin wannan ayari sai tsohon ɗan sama jannatinta ya jagorance shi. A Satumba na 2024 Isaacman ya koma, ya kai nisan kilomita 1,400, wanda ba a kai ba tun tafiyar wata ta 1972, ya kuma leƙa waje daga kumbon shi da Sarah Gillis. A 2025 Chun Wang ya ɗauki shatar da ta bi ta saman ƙuryar arewa da ta kudu na duniya.

Amma ku dubi su wane ne suka cika kujerun Axiom daga baya. A 2023 Saudiyya ta biya wa mutum biyu, cikinsu har da Rayyanah Barnawi. A 2024 Turkiyya da Italiya da Suwidin, a 2025 Indiya da Foland da Hangari. Watau gwamnatoci ne suka zama manyan masu saye. Daga 2001 zuwa 2025 mutanen da suka biya daga aljihunsu suka kewaya duniya ba su kai ashirin ba.

KAMMALAWA

Saura batun doka, inda nake ganin gaggawar cinikin ta bar giɓi. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗauki 'yan sama jannati a matsayin jakadun 'yan Adam, ta wajabta wa ƙasashe su cece su, ta kuma ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka aikata a can. Waɗanda suka rubuta ta ba su da fasinja a zuci. A Amurka dokar 2004 ta taƙaita ikon hukuma na kafa ƙa'idojin kare lafiyar fasinja, don a bar sana'ar ta yi ƙarfi, kuma an yi ta ƙara wa'adin wannan sassauci. Abin da ta wajabta shi ne a sanar da matafiyi a rubuce cewa gwamnati ba ta ba da shaidar amincin kumbon ba, shi kuma ya sa hannu. Daga 2001 zuwa 2025 ba fasinjan kuɗi da ya rasa ransa a tafiyar kewayawa. Amma mutum 18 sun mutu a cikin kumbo yana kan tafiya tsakanin 1967 da 2003, a Oktoba na 2018 ma rokar Soyuz ta lalace tana cikin hawa, na'urar tsira ce ta fizge mutum biyun da ke ciki. Ƙarancin matafiya ne ya sa ba a gwada wannan doka ba tukuna.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Hukumar da ta tsai da Tito a bakin ƙofa a 2001, a watan Disamba na 2025 Jared Isaacman, fasinjan kuɗi, aka naɗa ya shugabance ta. Duk da haka, tashar da baƙi ke sauka gwamnatoci suka gina ta da abin da ya haura dala biliyan 100, kuma an tsara kifar da ita cikin teku wajen 2030, har NASA ta ba SpaceX kwangilar ƙera abin da zai ja ta ƙasa a 2024. Kamfanoni da dama sun ce za su gina nasu tashoshin. Ranar da aka rushe masaukin gwamnati, ranar za a san ko wannan sana'a tana da ƙafafun tsayawa da kanta.

Ga ƙasashen da ba su da kumbo, abin lura a tarihin nan shi ne kujera ta zama abin da kowace gwamnati mai kuɗi za ta iya saya, kuma za a zo ana tallarta. Zuwa da kai ya fi saƙo, gaskiya ne. Amma kafin a ƙirga dala miliyan hamsin ko fiye a kan mako biyu, ya kamata a tambaya wane gwaji matafiyin zai ɗauka, wace jami'a ta shirya shi, su wa kuma za su ci gaba da aikin bayan ya sauko. Wannan tambaya a kan teburin malamai da ɗalibai irinku za ta faɗo.